Kan Ragon da Aka Turo Gabana

Ko tsufa ya kwashe min komai a ka, ba zai taɓa ranar da aka turo min kan rago a Brooklyn ba.

Lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci a Harlem idan na tashi daga teburin da nake kasa kaya a titin Canal Street. Wanda ke zama kusa da ni ɗan Kazakistan ne, Musulmi. Shi Turanci yake nema, ni kuwa rubutun ne ɗungurungum. Da matarsa ta haihu ya gayyace ni suna. A cikin jirgin ƙasa ya ce, “Ɗan'uwa, surukina ya zo daga gida, mutum ne mai riƙo da al'ada. Na yabe ka a wurinsa, kada ka ba ni kunya.” Sai dai bai faɗa min ta inda kunyar ke shigowa ba.

Aka kawo ƙaton faranti na dafaffen ƙullin fulawa fale-fale, nama a sama, ga romon albasa. Beshbarmak suke ce masa. Da na ga da hannu ake ci, na saki jiki. Sai tsohon surukin nasa ya dube ni ya yi magana, abokina ya fassara: “Wai mahaifinka yana raye?”

“Ya rasu bara.”

Tsohon ya shafa addu'a, ya turo min kwano. Kan rago ne sukutum, da wuƙa a gefe. Kowa ya janye hannunsa. Na rasa gane ko ta'aziyya ce ko gwaji. Mu dai a gida baƙo ba ya raina abin da aka ba shi, don haka na yi bisimilla na yanki kumatu. Na ci, na ƙara. Abokina sai gumi yake, ba damar ya gyara wa baƙo a gaban suruki. Da na ɗaga kunnen zan kai baki, wata yarinya ta fashe da kuka. Ashe rabonta ne!

Nan aka yi min bayani. Babban baƙo ake ba kai, ya ɗan taɓa ya rarraba, kunne ga yara don su riƙa jin magana. Wanda ubansa ke raye kuwa ba ya yankawa, don akwai babba a kansa. Tsohon ya yi dariya har da hawaye, ya kama hannuna muka miƙa wa yarinyar kunnenta. Sai a lokacin abokina ya yi ajiyar zuciya.

Ni na zaci tausayin maraya ake ji, ashe gaya min ake yi yanzu ni ne babba. Tun ranar, idan aka ba ni babban rabo, kafin in kai baki sai na duba wa ke jira.