Harsasan da Ba Su Ga Bindigarsu Ba

Jiya a unguwar Sultana ta Madina warin fenti mai gasuwa a tanda ya tare ni, sai na tuna Baba, tsohon da muka yi shekaru muna fentin ƙofofin ƙarfe a warsha, wato shagon aiki, ɗaya.

Yana da bindigar farauta ta zamanin Faransawa, wadda aka daina ƙera harsashinta. A Chadi ya bar ta ya zo hajji, bai koma ba. Amma duk Alhamis sai ya zuba kan harsashi guda na dalma, ya turbuɗa shi a ragowar garin fenti, ya gasa, ya fito sumul da launin ƙofar da muka fenta a makon, ya jefa shi a wani gwangwani.

Na ce, "Baba, a Madina ko tattabara ba a harbi. Bindigar ma tana ina?"

Ya ce, "Kai jahili, in na koma, hannu rabbana zan je mata?"

Da ya rasu, jikokinsa suka kawo min gwangwanin, suna tambaya da Larabci ko 'ya'yan carbi ne. Na ce e. Yanzu babu mai ce min jahili.

Allah ya jiƙanka, Baba. In akwai barewa a Aljanna, Allah ya sada ka da bindigarka.