Taken Dogo a Cikin Tsohuwar Ganga

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Kunci kafin maganin feshi ya shigo ya san hannun Buwai, ko da bai san fuskarsa ba. Shi ne makaɗin gangar noma. Ranar gayya, tun rana ba ta ɗaga ba za ka jiyo gangarsa daga nesa, mata su hau dama fura, samari su saɓa garma. Kowane jarumin noma da takensa, amma taken Dogo har yara sun haddace shi, don Dogo ba ya yarda a riga shi kai ƙarshen kunyar gona. Mutum ɗaya ne ya taɓa ba shi wahala, wani gajere mai taurin kai da ake kira Lazarus, wanda ya rasu tuntuni.

Gayya ta mutu a hankali, ba wanda ya yi mata zaman makoki. Feshi ya zo, noman kuɗi ya zo, samari suka tafi dako Dawanau. Gangar ta koma rataye a zaure har ɓera ya cinye fatar gefe ɗaya, Buwai ya mayar da cikinta ma'ajiyar goro da igiya. Daga baya hawan jini ya shanye masa hannun dama. Abin da ya rage na wancan zamani shi ne wani ɗan memori: 'yarsa Loveth ta ɗauki kiɗan gayyar ƙarshe da wayarta ta farko, tun tana karatun koyarwa.

Bara bayan girbi Dogo ya kwanta, kwanciyar da kowa ya san ba ta tashi ba ce. Buwai yana zuwa kullum ya zauna bakin tabarmarsa, suna tsokanar juna yadda suka saba.

"Buwai," in ji Dogo wata rana, "ka yi mini takena sau ɗaya kafin in tafi."

Buwai ya dubi hannunsa da ya shanye. Washegari Loveth ta zo daga makarantar da take koyarwa, ta sa memorin a wayarta, ta kara wa Dogo a kunne. Ya saurara, ya yamutsa fuska.

"Wane ɗan banza ne yake buga gwangwani?"

Aka yi dariya, amma maganar ta soki Buwai har zuciya. Gaskiya ce kuma. Abin da ya fito daga wayar nan ba gangarsa ba ce.

Ranar kasuwar Ɗanbatta ya sayar da bunsurunsa, ya nufi rumfar Fatihu mai waya. Fatihu ya fara yabon kyamara, Buwai ya katse shi, ya miƙa masa memorin.

"Hoton me zan ɗauka, wannan fuskar tawa? Sa mini wannan in ji."

Fatihu ya daɗe yana sana'ar, amma bai taɓa ganin mai gwada sifika irin haka ba. Tsohon ba ya kara waya a kunne, a ƙirji yake manna ta, ya rufe ido. Ya ce ganga ba da kunne ake jin ta ba. Mai tsadar cikinsu, wadda ko bunsurun ba zai iya ɗaukar ta ba, sautinta tas: ana jin guɗar mata, har tarin wani ana ji, amma gangar ta zama siririya. Wata mai matsakaicin kuɗi, da an ƙure ƙararta sai ta hau kakari. Ta ƙarshe wata mai kauri ce mai araha, sifikarta a baya kamar bakin murhu, ƙara kamar me, daɗi babu.

"Baba, wallahi waccan mai tsadar ta fi, ku ƙara kaɗan ku huta," in ji Fatihu.

"Waccan murya gare ta, ba ta da ciki. Wannan ma ba ta da shi, amma aƙalla ba ta jin kunyar buɗe baki. Ba ni ita."

Ya shiga motar gida ransa a jagule. Ya san ya rabu da bunsuru ne ya sayo babban gwangwani.

Da ya isa zaure ya jefa wayar cikin gangar tare da goron da ya sayo, ya zauna yana cire takalmi. Sai Loveth ta kira don ta ji ko ya iso lafiya. Ƙarar da ta fito daga cikin icen nan ta sa kajin tsakar gida suka watse. Buwai bai ɗauki kiran ba. Ya jira ya katse, ya kwashe goro da igiya, ya lalubo kiɗan yadda Fatihu ya nuna masa, ya mayar da wayar ciki.

Gangar ta amsa. Ba kamar dā ba, kada a yi ƙarya, amma cikinta ya dawo, ya ji shi a haƙarƙarinsa.

Ya rataya ta a kafaɗa ya bi hanyar gidan Dogo da la'asar, kiɗan yana tashi daga cikinta. Tsofaffin mata suka leƙo daga danga, wata ta saki guɗa ba ta san ta yi ba. Da ya shiga ɗakin, Dogo bai buɗe ido ba. Yatsunsa ne suka dunƙule a kan bargo, kamar mai riƙe ƙotar garma, kafaɗarsa tana motsi tare da kiɗan.

"Buwai."

"Na'am."

"Ina Lazarus?"

Hawaye ya cika idon Buwai, bai ɓoye ba.

"Yana baya, Dogo. Ka baro shi tun tsakiyar gona."

"To ƙara wuta, kada ya kamo ni."

Buwai ya ɗora hannunsa na hagu a kan fatar da ta rage, ya shiga bin kiɗan kansa a hankali. Kafin kasuwar Ɗanbatta ta zagayo aka binne Dogo.

Wayar tana cikin gangar har yau. Loveth ta gaji da faɗa a kan ba ya ɗaukar kira, shi kuwa cewa yake yi ai ba don magana ya saye ta ba.