Ranar da bututu ya ƙi Baba

Shekarun baya, bayan na bar makaranta, babu sana'ar da ban leƙa ba. Na yi ɗinki na gudu, na yi faci na gudu, har shagon cajin waya na zauna a Bunkure, shi ma ban daɗe ba. Ana cikin haka ciwon baya ya kama mahaifina, ga tumatir an dasa. Ya kira ni ya ce, "Kai sarkin gudu, in ba za ka iya ban-ruwa ba ka faɗa min, in ba da gonar haya. Akwai mai so."

Gonar da muke ci da ita ke nan fa. Na ce zan iya.

A wajenmu da bututun roba ake jawo ruwa daga kanal, wato babbar hanyar ruwan noman rani, zuwa gona. Za ka ga mutum ya tsoma, ya ɗan girgiza, ya yar, sai ruwa ya ɓalle. Na ɗauka wasa ne. Da na karɓa sai na tarar aiki ne jingim: ka nutsa baki ɗaya, ka toshe ɗayan da tafin hannu, ka tura, ka saki, ka ja, ka toshe, ga ƙafa kar ta zame. In na tuna hannu sai in manta tura. Ba abin da nake samu sai iska da jiƙaƙƙen wando.

Na ce, "Baba, don Allah yi min a hankali in gani."

Ya dafa bayansa ya sunkuya. "To duba. Ka tura, sai ka... a'a, tsaya. Ka toshe tukuna." Ya yar da bututun, shiru. Ya sake, shiru. Mutumin da tun kafin a haife ni yake wannan aikin! Maƙwabcin gonarmu ya ɗago murya, "Malam, yau kai ake koya wa?"

Baba ya harare ni. "Ka ga ka ruɗa ni ko?" Ya fizgi bututun da haushi, bai ko kalle shi ba, sai ga ruwa shaa.

Da yamma ina ba Umma labari tana bakacen shinkafa, ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Ai shi abu ɗaya yake yi, kai kuma goma kake yi. Ni ka ce in faɗa maka yadda nake kaɗa faifan nan, yanzu sai in zubar. Ka riƙa ɗaure su bibbiyu mana, kamar dami."

Washegari na tafi ni kaɗai. Na ce tura da saki abu ɗaya ne, ja da toshewa abu ɗaya ne. Ina yi ina faɗa da baki kamar mai tilawa, masu wucewa na kallona. Na sha ruwan kanal, na sha dariya. Can wajen hantsi sai na ji biyun sun haɗe da kansu, hannuna na tafiya ban aike shi ba. Da kaina ya samu sarari, a nan na fara lura da wane fangalin tumatir ya ƙoshi da ruwa, wanne ke jira.

Yanzu na gane duk abin da na guje wa, a daidai nan nake gudu, lokacin da komai yake warwatse, kaina ya kasa ɗauka, sai in ce abin ba nawa ba ne. Ashe saura kaɗan su haɗe.

Da mai son hayar ya zo, ina tsakiyar gona, taɓo har gwiwa. Baba ya nuno ni da sandarsa ya ce masa, "Ka yi haƙuri, Alhaji, gonar ta yi mai ita." Sai ya juyo ya daka min tsawa, "Kai kuma me ka tsaya kallo? Ruwa na wucewa!"