Igiyar Laimar Jirgi

Akwai yini ɗaya da ko gigin tsufa ba zai ɗauke mini shi ba. Shi ne ranar da rijiya ta rufta da ni a wani ƙauye kusa da Fakku.

Shekaru kaɗan ne bayan samun 'yancin kai, lokacin Kaduna ce ke riƙe da Arewa duka. Sana'ata ginar rijiya, a hannun kawuna na koya. Ban yi boko ba, amma na san ƙasa, na san igiya. A wurinmu igiya kauri ce. In ba ta cika tafin hannu ba, ba ma ba ta ranmu.

Kwana biyu kafin abin ya faru, wani ƙaramin jirgin sojan sama ya sauka a faƙon bayan gari, injinsa ya samu matsala. Matuƙin wani siririn mutum ne, Hausarsa a karkace. Ya zauna gindin tsamiya yana jiran makanikai, mata na aika masa fura. Mutane suka yi ta zuwa kallo daga Kebbe har Jabo. Ni ban je ba. Na ce wanda iska za ta iya ɗauka, ba mamaki ya tashi sama.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ina ƙasan rijiya, zurfin gaba goma sha biyu, sai gefen rijiyar ya zabtaro. Yashi ya kama ni har ƙirji. Aka sako mini igiyar rama, na ɗaura a hammata, aka ja. Ta sha ruwa ta ruɓe ta ciki ba mu sani ba, ta tsinke ta faɗo mini a ka. Ta biyun ba ta kawo inda nake ba. Igiya mai tsawo mafi kusa tana Kebbe, kuma duk numfashin da na saki, yashin sai ya ƙara matse ni. Na san lissafin. Kafin mai doki ya je ya dawo, na gama.

Abin da ya faru a sama, daga baya kawu ya ba ni labari. Matuƙin ya zo ya leƙa, ya koma jirginsa da gudu, ya dawo da laimar da suke dirowa da ita in jirgi zai faɗi. Ya baje ta a ƙasa ya zaro wuƙa. Wakilin hakimi ya riƙe hannunsa, ya tuna masa kayan gwamnati ne, kuma in ya yanka, da me zai diro in injin ya sake mutuwa a sama?

Matuƙin ya ce, “An yi ta ne don ta riƙe mutum kada ya mutu. Ga mutum can ƙasa.”

Ya yanke igiyoyin, ya ƙulla su uku uku, ya ɗaura ɗamarar laimar, wadda matuƙi ke sawa a jiki, a bakinsu, aka gitta itace a bakin rijiya, aka sako mini. Da na ga abin da ke saukowa raina ya ɓaci. Farin zare ne, bai kai ƙaramin yatsana ba.

Na ce, “Kawu, igiya nika so, ba zaren ɗinki ba. Wanga ko akuya ba shi ɗauka.”

Kawu ya ce, “Kai akuya ta fi ka nauyi. Sanya, ɗan nema, ba mu da wata.”

Na sa. Suka ɗame ta yadda ba zan ƙara nutsewa ba, ni kuma na yi ta yaƙutar yashi da ƙoƙo ina zubawa a guga. Har azahar muna haka. Idona na kan zaren nan, ina jiran ya tsinke. Bai ko yi ƙara ba. Da gwiwoyina suka fito aka ja, na ga haske, daga nan ban ƙara sanin komai ba.

Kwana biyu na yi ban san inda nake ba. Da na farka an gyara jirgin, ya tashi ba laima. Ban ce masa na gode ba. Ko sunansa ba wanda ya riƙe. Abin da ya rage mini guntun igiyar ne, kamu biyu, na ɗaura makullin rumbuna da shi.

Na tsufa, aka kai ni birni aikin ido. Da aka kwance bandeji, surukina ya ce in zo in gwada sabon idon a gidan adana kayan tarihin sojan sama. Na ga bindigogin jirgi, da bama-baman da aka cire wa ciki, da hulunan matuƙa, da kujerar da ke cilla mutum waje. Ban tsaya ba. Kayan kisa ba su taɓa burge ni ba. Can a lungu, cikin gilashi, sai ga laima a naɗe, da ɗamararta, da fararen igiyoyinta. Na tsaya ina kallonta.

Wata jami'a ta zo ta ce, “Baba, lafiya?” Na ciro makullina na nuna mata. Ta dubi igiyar, ta dubi ta cikin gilashi, ta jawo mini kujera. Da na gama ba ta labari ta roƙe ni in bar musu igiyar. Na ce rabi. Ta kawo almakashi, ta tambayi sunan matuƙin don ta rubuta a kati. Na ce ban sani ba, amma ta rubuta cewa wani ne da ya ba da laimarsa, ya koma gida babu.

Rabin na can cikin gilashi, rabin na aljihuna. Tun ranar rijiyar nan na daina auna igiya da kaurinta, na daina auna mutum da jikinsa. Godiyar da ban samu yi masa a fuska ba, ita nake yi bayan kowace salla, Allah kuwa Ya san sunansa.