Na matsar da amalanken tsoho a kan takarda

Lokacin da abin nan ya faru ina ƙaramin ɗan sanda, shekarata biyu da fitowa daga lakwal ɗin polis, wato makarantar 'yan sanda, a wani gari tsakanin Konni da Illela da ba zan faɗi sunansa ba. Ni ne mai awon hatsari. In an yi karo, ni ake turawa da igiyar awo da alli, in auna inda kowa ya tsaya, in zana a takarda, da wannan zane kuma alƙali ke gane mai laifi. Ina ji da hannuna ƙwarai, amma ina tsoron shef ɗinmu, wato shugaban buronmu na 'yan sanda, fiye da mahaifina. A buron nan, wato ofishinmu, in shef ya ce, magana ta ƙare.

Wata ranar kasuwa da hantsi, motar aikinmu ta bugi amalanken jaki na wani tsoho da ya ɗauko albasa. Jakin ya mutu nan take, tsohon ya karye a cinya. Mai tuƙin abokin aikinmu ne, ɗan gaban goshin shef. Na auna, na ga abin da ko makaho zai shafa ya gane: amalanken yana can gefe, ƙafarsa ɗaya ma cikin yashi, motarmu ce ta bar hannunta ta same shi. Da na kai zanen, shef ya turo mini shi da yatsa, ya ce in sake, in shigo da amalanken tsakiyar kwalta. Ya ce kaki ɗaya muke sawa, kuma mai tona asirin ɗan'uwansa ba ya daɗewa a aikin nan. Na ɗauki sabuwar takarda na matsar da amalanken taku huɗu, na sa hannu. Na kuwa zana shi da kyau, Allah ya yafe mini.

Da wannan takarda tsohon ya zama mai laifi. Ba jaki, ba ƙafa, ga sammaci a kan ya lalata motar gwamnati. Ni aka aika likita, wato asibitin da yake kwance, in kai masa sammacin. Yana ganina ya gane ni, don ni na tallabe shi a bakin hanya. Ya riƙe hannuna yana sa mini albarka, yana ce wa 'yarsa ga ɗan kirkin da yake ba ta labari. Bai iya karatu ba, ya karɓi takardar da hannu biyu yana godiya. Na fito ban san inda nake jefa ƙafa ba, na tsani kaina.

Allah ya sa ban yaga zanen farko ba. Mako biyu yana cikin aljihuna, abinci ma ba ya yi mini daɗi, har wata babbar kwamishina ta zo rangadi daga Tawa. Al'adarta, in ta gama da manya sai ta sallame su, ta zauna da ƙanana su kaɗai ta ce kowa ya faɗi damuwarsa. Aka yi ta kukan takalmi da rashin hutu. Da layi ya zo kaina na miƙe, na ajiye mata zane biyu, na ce duka hannuna ne, ɗaya gaskiya ɗaya ƙarya. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta tambaye ni ko na san ni ma ba zan tsira ba. Na ce na sani, Madam.

Ban kuwa tsira ba. Wata uku aka dakatar da ni, abokan aiki suka daina shan shayi da ni, wasu na kirana munafuki. Amma aka ɗauke shef, direban ya tsaya gaban alƙali, aka wanke tsohon tas, aka saya masa wani jaki. Na hau babur na same shi a ƙauyensu wajen Malbaza, na durƙusa na ce Baba, ga abin da na yi maka. Da na gama ya ce in miƙo hannun, albarkar farko ya sa ta ne a cikin duhu, bari ya sake yanzu da idonsa buɗe. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, na yi kuka a gaban iyalinsa ban ji kunya ba.

Yau ni ma shef ne, kuma abin da na koya shi ne, buro yana lalacewa daga ranar da ƙarami ya fara tsoron faɗa wa babba gaskiya. Manya, ku ji tsoron Allah, kada ku sa na ƙasa su zaɓa tsakanin abincinsu da imaninsu. Ku kuma ƙanana, umarni na shef ne, amma sa hannu naku ne, kuma ranar tsayuwa gaban Allah ba a zuwa da shef.