Tabon Shuɗi a Tumtum ɗin Kaka

A gidanmu na Diffa, in sanyi ya shigo aka baza tattasai a tsakar gida, bayan magariba Kaka Falmata kan hura wuta ta jingina da tumtum ɗinta na jar fata, mu jikoki mu kewaye ta. Marigayi kakanmu ne ya sayo mata shi daga Damagaram, ko kyanwa ba ta yarda ta hau shi.

Ina 'yar shekara tara na ɓarar da shuɗin maganin gyambo da aka ba ta a asibiti, rabi a kan tumtum, rabi a rigata. Na ɗebo kanwa da yashi na dirje fatar har wurin ya yi fari fat, ga shuɗin nan zagaye da shi. Na kifa tumtum, na cusa rigar bayan randa.

Da yamman nan a tabarma kawai Kaka ta zauna. "Ku matso, ga wata tafe," in ji ta. Wai kura ce ta je satar akuya kusa da marina, ruwan baba ya ɗiga mata a gadon baya. Don kada a gane ta, ta gangara kogin Komadugu ta yi ta birgima a yashi. Ɗigo ɗaya ya zama goma, gashi ya tsige.

"Da wurina ta zo," Kaka ta ce, idonta a kan wuta, "lemun tsami kaɗai zan matsa mata. To, ta fi ni wayo."

Ƙannena suka fashe da dariya, ni na fashe da kuka.

Kaka ta dube ni. "Yagana, ɗauko shi. Har da rigar."

Rigar ta jiƙa ta a ruwan sanyi da lemu, wai ruwan zafi zaunar da tabo yake yi. Tumtum kuwa auduga ta sa tana dangwalawa a hankali, ba gogawa, sannan ta bi shi da man shanu. Sai da muka yi mako muna yi kafin shuɗin ya kau.

Na daɗe ina zaton darasin wanki ta koya mini. Sai da ta rasu, tumtum ya dawo hannuna, na dube shi da kyau. Ɓarnar da na yi bisa kuskure ta tafi tun tuni, amma farin da na yi don in ɓoye ta babu man da ya gyara shi. A kansa take ɗora kanta har ta bar duniya, kuma ko sau ɗaya ba ta sake yi mini maganarsa ba. Wallahi ina kewarta.