Ƙwayar Wake a Kan Na'urar Baba

Har yanzu kunnena yana riƙe da kukan na'urar awon jinin Baba, siriri kamar na ƙudan zuma a cikin tulu, sai kuma hucin iska idan ɗamarar ta saki damtsensa. Yayana ne ya sayo masa ita da likita a Gumel ya ce hawan jini ne. Baba ya ƙi kowa ya auna shi. Ya ce jikinsa ne.

Maɓallai biyu ne da ita, kamarsu ɗaya, rubutunsu ƙanana da idonsa ya daina gani. Ɗaya na awo ne, ɗayan yana nuno awon da ya wuce. Wata safiya yatsansa ya faɗa kan na biyun, lamba mai kyau ta fito nan take. Ya ji daɗi, ya ce na'urar ta saba da shi, ba sai ta matse shi ba. Kullum lambar nan yake gani, har ya ajiye magani. A kasuwar Maigatari ya yanke jiki ya faɗi.

Da aka sallamo shi, yayana ya sa ni in riƙa auna shi daga ranar. Baba ya juya fuskarsa bango. Na fi tuna juyawar nan a kan faɗuwar.

Inna ta jiƙa ƙaro, ta manna ƙwayar wake a kan maɓallin awo, ta kai masa.

"Malam, laluba. Inda ka ji wake, nan za ka danna."

Ya daɗe yana shafawa. "Saura mai da yaji," in ji shi.

"Ka danna dai."

Na'urar ta yi kukanta. Shi ya ci gaba da auna kansa har ƙarshen rayuwarsa, waken ya yi santsi yana sheƙi.

Sai a jami'a, a ajin shari'a, na ji cewa manyan kamfanoni kan kai juna kotu a kan irin wannan: siffar maɓalli, da inda aka sa shi. Abin da alƙali yake tambaya shi ne, wannan ƙirƙira ce, ko kuwa abu ne da duk mai sanin aikin zai iya tunaninsa? In kowa zai iya, to ba mallakin kowa ba ne.